Wa'adin Talauci a Gaban Dokar Haraji da Fansho: Nazari Kan Ƙungiyoyin Mishan na Katolika a Amurka da Faransa da Jamus

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda dokokin haraji da na fansho a ƙasashe uku suka tunkari ƙungiyoyin addini masu zaman tarayya, musamman na ɗariƙar Katolika, waɗanda mabiyansu ke ɗaukar wa'adin talauci su ba da rayuwarsu ga koyarwa da jinya da aikin mishan. Hujjar maƙalar ita ce, duk rangwamen da gwamnati ta yi wa irin wannan ƙungiya ta hanyar cire ta daga tsarin fanshon ƙasa, bashi ne da ake jinkirta biyansa, kuma wanda ke biya daga baya shi ne tsohon da ƙarfinsa ya ƙare ko wanda ya bar ƙungiyar. An bi dokoki da hukunce-hukuncen kotu na Amurka da Faransa, an kwatanta su da tsarin Jamus, sannan an dubi inda dokar Nijeriya ta tsaya.

1. Gabatarwa

Lissafin fansho galibi a kan albashi yake. Abin da ake tambayar mutum shi ne wa ya ɗauke shi aiki, nawa ake biyan sa, kuma shekara nawa aka yi ana cire masa wani kaso. Haraji ma haka ne, wanda kuɗi ya shiga hannunsa shi ake bi. Dokokin biyu sun ɗauka kowane baligi yana da aljihun kansa. Amma akwai mutanen da suka tsaya gaban jama'a suka yi wa Allah wa'adi cewa ba za su mallaki komai ba. Fada ko sista da ke cikin ƙungiyar zuhudu yana iya koyarwa shekara arba'in, ci da sha da sutura da magani duk daga asusun ƙungiya, ba tare da an taɓa rubuta sunansa a takardar albashi ba.

Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983 ya fayyace matsayin coci a sassa biyu. Sashe na 668 ya nuna cewa duk abin da ɗan ƙungiya ya samu da guminsa na ƙungiya ne, haka ma abin da ya zo masa ta hanyar fansho ko tallafi ko inshora, sai fa idan ƙa'idar ƙungiyar ta ce wani abu daban. Sashe na 702 kuma ya nuna cewa wanda ya fita, ko aka sallame shi bisa ƙa'ida, ba shi da ikon neman ladan aikin da ya yi a ciki, ko da yake an umarci ƙungiyar ta yi masa adalci da jinƙai. Jinƙai kuwa ba a kai ƙararsa kotu.

Mai karatu Bahaushe ba zai sha wuyar gane tsarin ba, domin ya san gandu. Matasa suna noma, hatsi yana shiga rumbu ɗaya, tsoho yana ci daga ciki ba don ya ajiye nasa ba sai don shi ma ya ciyar da na gabansa. Sharaɗin gandu ɗaya ne, kada matasa su watse. A kan wannan sharaɗi gwamnatocin Turai da Amurka suka dogara lokacin da suka bar waɗannan ƙungiyoyi su riƙe tsofaffinsu da kansu.

2. Amurka: wa ya samu kuɗin?

Ta fuskar haraji, rigimar Amurka ta tsaya a kan tambaya ɗaya. Idan sista ta yi aiki aka biya, ta miƙa kuɗin ga shugabarta ba ta taɓa ko sisi ba, kuɗin nata ne ko na ƙungiya? Idan na ƙungiya ne babu haraji, domin ƙungiyar addini ba ta biyan harajin kuɗin shiga. Idan nata ne za ta biya, ko da kuwa ta kyautar da shi, saboda tun 1930 Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'ida a shari'ar Lucas da Earl cewa wanda ya yi aikin shi ake ɗora wa harajin, ko da ya yi yarjejeniyar miƙa albashin ga wani.

A 1977 hukumar tara haraji ta IRS ta fitar da bayani mai lamba 77-290, ta raba gardamar gida biyu. Wanda ke aiki a makaranta ko asibitin coci, wakilin ƙungiyarsa ne, abin da aka biya na ƙungiya ne. Wanda ƙungiya ta tura ya yi aiki a wata ma'aikata ta waje, ma'aikacin wannan ma'aikata ne kamar kowa. Ba a rasa dalilin wannan tsauri ba. A shekarun 1970 an yi yayin sayen takardar zama limamin coci ta gidan waya, mutum ya mai da gidansa majami'a ya ce ya yi wa'adin talauci, har a 1976 mazauna wani ƙaramin gari mai suna Hardenburgh a jihar New York suka yi dafifi suka zama limamai don kauce wa harajin filaye. Masu gaskiya suka sha dukan da aka shirya wa 'yan damfara.

Shari'o'i biyu na 1986 suka tabbatar da matsayin hukumar. Gerald Fogarty, fada ne na ƙungiyar Jesuit da ke koyarwa a Jami'ar Virginia, ya ce da umarnin shugabanninsa ya karɓi aikin kuma albashin ƙungiya ke karɓa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce jami'ar shi ta ɗauka aiki, ba ƙungiyarsa ba. A wannan shekarar aka yanke irin wannan hukunci a kan Sista Francine Schuster, ungozoma da ke aiki ƙarƙashin wani shirin lafiya na gwamnatin tarayya. Abin lura, wanda masu sharhi kan 'yancin addini ba su cika ambata ba, shi ne ɗan ƙungiyar da doka ta ɗauka ma'aikaci ne yana samun abin da 'yan'uwansa na cikin gida ba su samu, wato shekarun aiki da aka rubuta da sunansa a tsarin fansho. Wanda aka yafe wa haraji shi ne wanda babu sunansa a ko'ina.

3. Amurka: shekarun da ba a lissafa ba

Dokar fanshon tarayya da ake kira Social Security ta fito a 1935 ba tare da ma'aikatan ƙungiyoyin addini a ciki ba. A 1954 aka buɗe wa limaman coci ƙofa su shiga da kansu, amma aka bar masu wa'adin talauci a waje, bisa hujjar cewa ba su da albashin da za a cire wani abu daga ciki. Haka aka zauna har 1972, lokacin da majalisa ta ba ƙungiyoyin zaɓin shigar da dukkan 'ya'yansu. Zaɓin ba a janye shi idan an yi, kuma an yarda a sayi shekarun baya amma ba fiye da biyar ba. Albashin da za a yi lissafi a kai shi ne ƙimar abinci da ɗaki da sutura da sauran abin da ƙungiya ke ba mutum, amma ba za a ƙiyasta shi ƙasa da dala 100 a wata ba.

Wannan tarihi ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. A 1956 wasu sistoci na ƙungiyar Dominikan suka taso daga Great Bend a jihar Kansas suka zo Gusau aikin jinya da koyarwa, kuma daga aikinsu aka samu ƙungiyar sistoci 'yan ƙasa mai cibiya a Gusau. Duk Ba'amurkiyar da ta zo a wancan ayari, doka ba ta ba ta hanyar tara komai a asusun fanshon ƙasarta ba har sai bayan shekara 16, kuma ko an sayi shekarun baya, biyar kawai za ta fanso. A 2009 uwar ƙungiyar ta Kansas ta haɗe da wasu ƙungiyoyi shida suka zama ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a Amurka yayin da masu shiga ke raguwa.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. A 1965 sistocin Amurka sun kusa 180,000. Zuwa 2020 ba su kai 45,000 ba, kuma mafi yawansu tsofaffi ne. Su ne suka riƙe makarantun coci a kan ɗan alawus da bai kai albashin malamin gwamnati ba, don haka ƙungiyoyinsu ba su samu rarar da za su ajiye ba. A watan Mayu na 1986 jaridar Wall Street Journal ta buga rahoton John Fialka kan halin da tsofaffin sistoci ke ciki, aka ƙiyasta giɓin kuɗin kula da su da biliyoyin daloli. A 1988 bishop-bishop na ƙasar suka kafa gidauniyar da ake tara wa kuɗi a majami'u kowace shekara, kuma har yau ana yi. Rahotannin ofishin da ke kula da gidauniyar sun sha nuna cewa matsakaicin fanshon da ɗan zuhudu ke karɓa daga gwamnati bai kai rabin na sauran 'yan ƙasa ba. Dalilin a fili yake. Fanshon Amurka ana auna shi da matsakaicin albashin shekara 35, kuma wanda aka ƙiyasta masa albashi da kuɗin abinci da ɗaki, ƙaramin abu zai samu.

Wasu al'ummomin da ba Katolika ba sun bi wata hanyar suka iso wuri guda. 'Yan Amish sun ƙi tsarin tun asali, suna ganin inshora ce da ke nuna rashin dogaro ga Allah da jama'a. A 1961 jami'an haraji suka ƙwace dawakai uku na wani manomi, Valentine Byler, yana tsakiyar huɗa a jihar Pennsylvania, abin ya jawo wa gwamnati surutu, kuma a 1965 aka yafe wa masu aikin kansu. A 1982 Kotun Ƙoli ta ce yafewar ba ta shafi wani ɗan Amish mai suna Edwin Lee ba saboda yana da ma'aikata, sai majalisa ta gyara a 1988. Sharuɗɗan yafewar sun haɗa da cewa al'ummar ta kasance tun kafin ƙarshen 1950, tana kuma kula da marasa ƙarfinta, sannan mutum ya sa hannu ya yafe duk wani haƙƙinsa. Su kuwa al'ummomi masu asusu ɗaya irin 'yan Hutterite, sashe na 501(d) na dokar haraji ya ce a raba ribar shekara a kan takarda tsakanin mabiya, kowa ya biya harajin kasonsa. Da yake wannan kaso riba ce ba albashi ba, ba ta ƙara wa kowa komai a lissafin fansho. Mutum yana iya biyan haraji shekara talatin ya fita daga al'ummar hannu rabbana.

4. Faransa: yaushe mutum ke zama ɗan ƙungiya?

Faransa ce ta fi ba mai nazari abin tattaunawa, domin a can waɗanda abin ya shafa da kansu suka kai ƙara. Lokacin da aka kafa tsarin inshorar jama'a a 1945, cocin Katolika ya zaɓi ya tsaya a waje, har aka yi doka a 1950 da ta ce hidimar limamin Katolika ba sana'a ba ce a idon dokokin walwalar ma'aikata. Sai da dokar 2 ga Janairu 1978 ta zo aka kafa asusu biyu na musamman, ɗaya na lafiya ɗaya na tsufa, waɗanda aka haɗe a 2000 suka zama hukumar Cavimac. Hukumar ta kowane addini ce, akwai 'yan zuhudun Buddha da limaman Musulmi a cikinta, amma Katolika ne suka fi yawa da rinjaye. A 1978 ɗin ne kuma tsofaffin limamai da sistocin da suka bar hidima suka kafa ƙungiyar APRC don neman fanshon da za a iya rayuwa da shi.

Gizo ya yi saƙa ne a ƙa'idar cikin gida ta asusun tsufan, wadda ta ce lissafin shekarun ɗan zuhudu yana farawa ne daga ranar da ya ɗauki wa'adinsa na farko. Kafin wannan rana kuwa mutum yakan yi shekara biyu ko uku a gidan ƙungiya a matsayin mai neman shiga da mai koyon zama. Ya bar gidan iyayensa, ya bar sana'arsa, yana bin umarni dare da rana, amma babu wanda ke zuba masa komai. Ga wanda ya mutu a cikin ƙungiya wannan ba wata asara ba ce. Ga wanda ya fita yana da shekara arba'in ya nemi aiki a gari, shekara ukun nan kan rage masa fansho har ƙarshen ransa, domin tsarin Faransa yana zaftare wa duk wanda bai cika adadin shekarun da ake buƙata ba.

A ranar 22 ga Oktoba 2009 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ba masu ƙara gaskiya, ta ce dokar ƙasa ce ke fayyace wanda ya cancanci shiga asusun, ba dokar coci ba. A ranar 16 ga Nuwamba 2011 babbar kotun harkokin mulki ta ce asusun ba shi da hurumin kafa waccan ƙa'ida tun farko. Ma'aunin da kotuna suka zauna a kai daga 2012 mai sauƙi ne, kuma a ganina shi ne mafi kyawun abin da wannan rigima ta haifar: shin mutumin yana zaman tarayya a cikin al'ummar, kuma aikinsa mafi yawa hidimar addininsa ne? Idan haka ne, a lissafa masa, ko ya yi wa'adi ko bai yi ba. Wannan ma'auni ya amfani mabiyan sababbin al'ummomin da suka ɓullo a shekarun 1970, waɗanda coci bai ɗauke su cikakkun ƙungiyoyin zuhudu ba, aka bar mutanensu shekaru ba tare da an yi musu rajista a ko'ina ba.

Majalisa ba ta ji daɗin hukuncin ba. A dokar kasafin inshorar jama'a ta Disamba 2011 aka saka sashen da ya mai da shekarun koyon zama tamkar shekarun karatun jami'a, wato wanda ke son a lissafa masa sai ya saya da kuɗinsa. A ce wa mutumin da ya yi shekaru ba ya riƙe kuɗi ya sayi shekarun da ya yi yana aiki kyauta, wannan ba gyara ba ne, an dai ɗauke nauyi daga wuyan ƙungiya da asusu an aza wa wanda ya fi kowa rauni. Kotuna sun ci gaba da duba kowace ƙara bisa yadda mutum ya rayu a zahiri, amma hakan na nufin kowane tsoho sai ya nemi lauya.

5. Jamus

Jamus ta bar ƙungiyoyin a wajen tsarin fanshonta kamar yadda sauran suka yi, sai dai ta ɗaure su da igiya biyu. Sashe na 5 na littafi na shida na kundin dokokin walwala ya yafe wa 'yan zuhudu da mata masu hidimar cocin Furotesta shiga tsarin, muddin ƙungiyar ta ba da tabbacin kula da su a tsufa kuma akwai abin da ke tsaya wa wannan tabbaci. Saboda wannan sharaɗi ne ƙungiyoyin Katolika suka kafa asusun tsaya wa juna a farkon shekarun 1990. Sashe na 8 kuma ya ce duk wanda ya fita ba tare da wani tanadi ba, ƙungiyar za ta zuba masa kuɗin fansho na shekarun da ya yi a ciki, ita kaɗai za ta biya. Ma'aunin da ake lissafi a kai ƙarami ne, fanshon da ke fitowa ma ba shi da yawa, kuma ƙungiyar da mutane da yawa suka bari a lokaci guda tana iya durƙushewa da bashi. Duk da haka, a nan ne kaɗai cikin ƙasashen uku doka ta mai da abin da coci ke kira jinƙai ya zama haƙƙin da ake bi.

6. Inda Nijeriya ta tsaya

Yau Afirka ce ke samun masu shiga zuhudu da aikin mishan, Nijeriya kuma tana sahun gaba, wato muna inda Amurka take a shekarun 1950. Muhawarar da muke yi game da ƙungiyoyin addini da doka ta tsaya ne a kan iko da dukiya. Dokokin haraji sun daɗe suna yafe wa ƙungiyoyin addini da na agaji haraji in dai ribar ba daga kasuwanci ta fito ba, kuma kowa ya tuna hayaniyar da sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020 ya tayar, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Ba a ji irin wannan hayaniya a kan tsufan masu hidima ba.

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta tsarin a kan mai ma'aikata 15 ko fiye, shi ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Maganarta a kan ma'aikaci da albashi ne, don haka sistar da ke jinya a asibitin ƙungiyarta ba ta cikin lissafi, haka mai bishara a ƙauye, haka ma, in za mu faɗi gaskiya, limamin unguwa da malamin Islamiyya da ake sallama da abin da ya sawwaƙa. Tsarin ƙaramin fansho da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019 ya buɗe ƙofa ga masu aikin kansu, amma na ganin dama ne, kuma wanda ya yi wa'adin talauci ba shi da abin zubawa sai abin da shugabansa ya ba shi.

Shawarar wannan maƙala ita ce a ɗauki ma'aunin kotunan Faransa wajen tantance wanda ya cancanta, a haɗa da ƙa'idar Jamus cewa ƙungiya ce ke biya, amma a guji jinkirinta. Maimakon a jira mutum ya fita sannan a bi bashin shekara ashirin, a buɗe masa asusu da sunansa tun ranar da ya shiga gidan ƙungiya, a riƙa zubawa wata-wata. Idan aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 a matsayin ma'auni, kashi 18 cikin ɗari ya kama naira 12,600 a wata ga mutum ɗaya, ƙungiya mai mutum 100 za ta biya naira 1,260,000. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ƙungiyar da ke riƙe da asibitin karkara. Sai dai wannan tsari bai saɓa wa wa'adin talauci ba, domin bisa sashe na 668 fanshon wadda ta tsufa a cikin ƙungiya asusun ƙungiyar zai koma, wadda ta fita ce kawai za ta tafi da nata.